Askin Rahamatu

Laraba, 23 ga Disamba, da hantsi

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, ka taɓa yi wa 'yarka kiran sallah ta waya? In ba ka taɓa ba, ja bakinka ka karanta. Ni na yi jiya. Ina tsaye a bakin Titin Koudoukou, na toshe kunne ɗaya saboda ƙarar babura, matata Sharifa ta kara wayarta a kunnen jaririya. Na yi kiran sallah a na dama, na ce ta juya ta, na yi iƙama a na hagu. Wani mai taksi-moto, wato ɗan acaba, har ya tsaya yana duban rana, wai ko ladan ne ya ruɗe.

Mace ce. Ta zo kafin lokacinta, a wata na takwas. Sharifa ta ce tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba, amma kukan na gidanmu ne. Ni Haris mai aski, wanda duk unguwar Kilomita Biyar ta san bakinsa, jiya na nemi magana na rasa. Dariya kawai nake yi kamar wanda aka yi wa cakulkuli.

Ban gan ta ba tukuna. Sharifa tana gidansu a unguwar Yakité, haihuwar fari ce. Nas ta ce huhun yarinyar bai yi ƙwari ba, a kiyaye ta da numfashin mutane. Surukata Hajiya Tasalla ta ɗauki maganar ta ƙara mata gishiri: ba mai shiga ɗakin jego, ni kuwa na fi kowa, tunda yini nake yi hancina a bakin hancin jama'a. Na durƙusa a zaure na gaishe ta, kaina a ƙasa, ta amsa daga bayan labule. Mutum ba ya musu da surukarsa. Duk abin da ke bakina na haɗiye shi.

Alhamis, bayan La'asar

Na aika wa Hajiya da hujjata ta bakin Inno. Inno kakar Sharifa ce, ita kaɗai nake iya ɗaga ido in kalla a gidan, don tun ranar ɗaurin aure ta ce ita na aura, jikarta rakiya ta yi mata.

Hujjar kuwa ita ce na riga na yi korona. A watan Yuni ta kwantar da gidanmu, ni da Sharifa da Baba. Ni da Sharifa muka tashi. A Agusta masu gwaji suka zo kasuwa suna neman waɗanda suka warke, na miƙa hannu suka ɗebi jini. Daga baya wadda ta ɗiba, Madam Prisca, ta ce jinina cike yake da antikor, wato sojojin da jiki ke tarawa in ya gama faɗa da cuta, don in ta dawo su gane fuskarta.

Inno ta shiga ta fito. Hajiya ta ce ta ji, Allah ya ƙara lafiya. Amma ita man gyaɗa take sayarwa, kuma ba ta taɓa ajiye abin da bai canza a ajiye ba. Su sojojin nan, har yaushe suke zama?

Na ce ai kamar ƙyanda ne, sau ɗaya ake yi. Inno ta ce wa ya faɗa. Na ce kowa.

"Shi kowa ɗin ɗan gidan wa ne, angona? Kawo mini shi in gan shi."

Na tashi na tafi. Ina jin dariyarta har lungu.

Juma'a, bayan Magariba

Na karanta har idona ya yi ja. Ba wanda ya koya mini Faransanci a aji. Makarantarmu ta rufe a shekarar da yaƙin nan ya fara, na ƙarasa karatuna a jaridun da ake naɗe burodi da takardun cikin kwalin magani. Hausar boko kuma a littattafan da Baba ya zo da su daga Maraɗi. Saboda haka kada wani ya ce ban fahimta ba ne. Na fahimta sarai. Su ne ba su daidaita ba.

Wani ya rubuta cewa sojojin suna raguwa cikin wata uku. Wani ya ce shida. Wasu suka ce sun duba bayan wata takwas sun tarar suna nan. Can kuma ga labarin wani da ya yi cutar sau biyu. Dukkansu manyan likitoci ne masu gilashi. Ni wata na bakwai nake ciki. In na bi na farko tsirara nake yawo, in na bi na uku sulke ne a jikina. Mutane sun yi shekara ashirin a makaranta, an tambaye su abu ɗaya, sun ba da amsa huɗu.

Sharifa ta turo murya. Ba magana a ciki, tsotson nono ne kawai da wani ɗan gurnani. Na saurara har batir ya mutu.

Asabar, da safe

Itacen ruwan wankan jego a kaina yake, wannan ba mai hana ni. Na sauke a ƙofar gida, na zagaya lungun baya inda tagar ɗakin take. Na kifa wani tsohon bokiti na hau. Sharifa ta ɗago ta a bayan gilashi.

Na gan ta.

Mutane za su ce hanci, za su ce ido. Ni gashi na gani. Baƙi wuluk, a kwance luf kamar an shafa mai, ya sauko har goshi, ga wata 'yar gaɗa, inda gashi ke murɗawa a tsakiyar kai, tana juyawa hagu irin ta Baba. Tun da tsohon wanzamin unguwa ya tafi Chadi bai dawo ba, ni nake yi wa jarirai askin suna daga nan har bayan kasuwa. Ban taɓa ganin kai irin wannan ba, kuma ba don tawa ce ba.

Bokitin ya fashe da ni. Sharifa ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa in bari, ɗinki. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce da yaren Sango, ashe haka samarin yanzu suke, ɗan fari ma ba a jin kunyarsa. Na ce mata kunyar tana cikin bokitin, ta ɗauka in tana so.

Lahadi

Ranar zaɓe. Shago a rufe, titi ba kowa. Kowa na gida yana sauraron rediyo yana yin kamar ba ya saurare.

Talata, 29 ga Disamba, bayan Azahar

Rahamatu. An raɗa suna a masallacin unguwa bayan Asuba, mutane kaɗan, kowa da takunkumi a haɓa maimakon hanci. Na san bai kamata uba ya riƙa kiran sunan 'yar fari ba. Littafina ne. Rahamatu, Rahamatu, Rahamatu.

Rago ya yi kyau. Surukina Alhaji Idrisu bai samu zuwa ba, yana maƙale da motocinsa a kan iyakar Kamaru tun da 'yan tawaye suka rufe hanya, ta waya ya yi addu'a. Abokina Abdulgani ya yi fiɗa yana waƙa, ya ɓoye wa Inno hanta, ta bi shi da muciya.

Ba a yi aski ba. Hajiya ta ce ba mai reza da zai shiga, ko ni ko wani. Inno ta ce to a bar gashin, ubanta zai aske in lokaci ya yi, ba a hannun baƙo za a fara taɓa kan nan ba. Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A gidan nan wannan shi ne e.

Alhamis, da yamma

Na kira Madam Prisca. Tun Agusta take kirana Misye Purkwa, wai Malam Don-me, saboda tambayoyin da na yi mata kafin in bari ta soka allura. Na ce mata yau tambaya ɗaya ce tak: har yaushe? Ta yi dariya ta ce abin da su ma suke nema ke nan, shi ya sa suke son sake ɗibar jinin mutanen Agusta su ga abin da ya rage. Na hau babur na je tun kafin ta ajiye waya.

Ta ɗiba. Na ce gobe zan zo karɓar amsa. Ta ce yeke yeke, a hankali, ruwan da ake gwajin da shi yana cikin wata mota a kan iyaka, sai an buɗe hanya. Wato sojojin jinina ma sai sun jira waɗancan na daji masu bindiga sun matsa. Ta ƙara da cewa ko da suna nan, ba ta da tabbacin cewa mai su ba zai ɗauko cutar a hanci ya kai wa wani ba. Na ce Madam, na zo da tambaya ɗaya kin ba ni biyu, haka ake ciniki a wajenku?

Asabar, da rana

Sharifa ta ce Hajiya ta sa an haɗa jaka. In yaƙin nan ya matso, za su ƙetare kogi zuwa garin Zongo wurin ƙanwarta.  Na aske wani dattijo na manta rabin gemunsa, sai da ya nuna mini a madubi.

Lahadi, bayan La'asar

Inno ta kira ni da kanta, tana raɗa da ƙarfin da ake ji a Titin Koudoukou. Hajiya na barcin rana bayan Azahar, barcin da ko ganga ba ta tayar da ita. Gobe in zo ta ƙofar baya da rezata. Kafin ta farka an gama, in ta ga kai fes sai ta yi faɗa da wanda ta ga dama, ita dai Inno ta haifi mijinta.

Na dafa reza. Na goge farar rigata. Na sayi sabon sabulu. Ina tafe ina gaida mutanen da na yi shekara ba na gaisarwa.

Litinin, 4 ga Janairu, da yamma

Tun da na tashi na ji wani ɗan kaikayi a maƙogwaro. Na ce ƙurar gashi ce. Na sha shayi da citta, na yi wanka, na tafi. A hanya na yi atishawa sau biyu, na ce hayaƙin babur ne.

Inno ta buɗe ƙofar baya a hankali. Daga inda nake ina hango labulen ɗakin, ina jin ƙamshin turaren jego, ina jin Rahamatu tana wannan ɗan gurnanin nata. Taku kaɗan ne. Sai na ji hancina ya cika da ruwa.

"Shigo mana, ko sai na goya ka?"

"Inno, mura nake ji."

"To ba kai ne mai sojoji ba?"

"Ban san ko suna nan ba."

Ban taɓa faɗin haka da baki ba sai yau. Ta dube ni ta daɗe, ba wasa a fuskarta. Ta tura ƙofar ta rufe. Ina juyawa ta sake buɗewa, ta jefo mini lemun tsami biyu, ɗaya ya same ni a ƙeya. Ta ce in je in warke, ita ba ta zama da miji mai majina.

Talata

Zazzaɓi kaɗan. Na rufe shago.

Laraba

Ina jin ƙamshin albasar maƙwabta. A watan Yuni ko turare ba na ji. Na gaya wa Madam, ta ce hanci ba shaida ba ne, in zauna a ɗaki. Ina zaune.

Alhamis, da rana

Abdulgani ya kawo mini gozo, tuwon rogo, da miyar ganyen rogo, ya faɗo ɗakin ba takunkumi. Na ce ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ni da shi mun gama da wannan cutar, ƙyanda ce, ba ta maimai. Shi ma ya yi ta a damina, tun daga nan duk wanda tari ya kwantar a unguwa shi ake kira, shi ke ɗauka zuwa asibiti, shi ke wanka in ta Allah ta kasance. Shi ya wanke Baba lokacin da ni ko tsayuwa ba na iyawa. Ba zan iya yi masa tsawa ba. Na dai ce ya ajiye kwanon ya fita, ya fita yana cewa aure ya mayar da ni matsoraci.

Na ci duka. Har na suɗe.

Asabar

Rashin lafiyar ta tafi. Mura ce ko waccan ce, Allah ya sani.

Lahadi, 10 ga Janairu, bayan Azahar

Inno ba ta iya riƙe magana. Ta gaya wa Hajiya komai, da ƙofar baya da rezar da juyawar da na yi. Na ɗauka kashina ya bushe. Sai ga saƙo: Hajiya ta ce yaron nan yana da hankali fiye da bakinsa. In ina son in riƙe 'yata, in bar shago a rufe, in zo in zauna a ɗakin zaure, ba fita ba cuɗanya, har Juma'a biyu su wuce. In ban yi tari ba, in shiga.

In kwana a gidan surukai. Ni. In ci tuwonsu, in yi alwala a inda Hajiya za ta ji ƙarar butata. Abdulgani ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce zai sayo mini zane da ɗankwali. Ya ce daga ranar ba mai sake miƙa mini kansa a Kilomita Biyar, wa zai yarda mijin-ta-ce ya riƙe masa reza a wuya.

Na aika cewa na gode, zan yi tunani. Ba zan je ba.

Litinin, da yamma

Sharifa ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta gane, kunya abu ne mai kyau, in riƙe ta da kyau. Jakar dai tana bakin ƙofa. In suka ƙetare da gashin nan, akwai masu aski a Zongo, ta ji an ce suna da arha.

Wani ɗan Zongo. Da rezar da ban san inda ta kwana ba. A kan gaɗar nan mai juyawa hagu.

Ba zan je ba dai.

Laraba, 13 ga Janairu, bayan La'asar

Ina rubutu a zauren Hajiya.

Na kawo itace da sassafe, ana ɗage dokar hana fita. Ina saukewa aka fara harbi, daga can bakin gari, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Masu shaguna suka ja ƙofofi, babura suka watse. Ina tsaye da guntun itace a hannu sai na ji murya a bayana, ba labule tsakani.

"Shigo ka sa sakata."

Shekara biyu da aurena, yau Hajiya ta fara yi mini magana kai tsaye. Na shiga. Ta koma ciki, ta aiko Inno ta tambaye ni ko hanyar kogi za ta biyu. Na kira 'yan taksi-moto uku da nake yi wa aski, duk suka ce kada a kuskura, kowa ya zauna inda yake. Na faɗa.  Can na ji ana jan jakar ana mayar da ita ɗaki.

Duk lokacin da aka buga, Rahamatu sai ta tsala kuka, kamar tana ramawa. Inno ta ce ga shi nan, bakin ubanta. Kafin Azahar abin ya lafa. Na miƙe zan tafi, Inno ta tare ƙofa da tabarma da matashi a hannu. Ta ce tunda na riga na ci kunyar yini ɗaya, sauran ba su da ɗaci.

Na karɓi tabarmar.

Juma'a, bayan sallah

Daga nan ina jin huɗubar Masallacin Koudoukou sama-sama. Na yi Azahar ni kaɗai. Juma'a ɗaya ta wuce.

Cin abinci ne bala'i. Ana ajiye kwano a bakin ƙofa, in jira sai na tabbata Hajiya ta yi nisa, in ci kamar ɓarawo ba ƙarar cokali. Jiya aka kawo soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, sai da na jiƙa shi a ruwa. Inno ta gano, ta sanar da duk gidan cewa angonta ba shi da haƙori. Yau kwanon ya zo da ƙashi mai ɓargo. Da gangan ne. Na ji Hajiya tana tari irin na mai danne dariya.

Litinin

An ba ni aikin hura wutar ruwan wanka a can kusurwar tsakar gida, nesa da kowa. Na iya yanzu. Hayaƙi ya sa ni tari sau ɗaya, gidan duka ya yi tsit. Na ɗaga itacen ɗanye sama na nuna, kamar mai rantsuwa a kotu.

Laraba, da hantsi

Na karance duk abin da ke ɗakin nan, har rubutun jikin jarkokin mai. Da na rasa, na koma bakin taga ina karanta wa Rahamatu wata tsohuwar jarida da ƙarfi, labarin farashin auduga. Sharifa ta ce ta yi barci tun a layi na biyu, in ci gaba, maganin barci ne mai kyau.

Abdulgani ya turo hoton zane. Na turo masa hoton ƙashin da na gama da shi.

Juma'a

Biyu. Ko atishawa.

Asabar, 23 ga Janairu, bayan Azahar



Da hantsi aka kira ni. Na dafa reza, na wanke hannu da sabulu har gwiwa, na ɗaura takunkumi. An shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro. Na zaci Inno ce za ta miƙo ta. Hajiya ce ta fito da ita da kanta, ta durƙusa, ta ɗora mini a cinya. Ni ina kallon ƙasa, ita tana kallon gefe, yarinya a tsakaninmu tana kallon kowa.

Ba ta da nauyi. Tawul ɗin shagona in ya jiƙe ya fi ta. Amma ɗumi gare ta kamar burodin safe, ta kama ɗan yatsana ta matse. Na shafa ruwan ɗumi a kan, gashin ya kwanta. Na ga maɗigarta tana bugawa a hankali. Kawuna nawa na aske a rayuwata, na 'yan kasuwa, na 'yan dambe, na mutanen da suka ajiye abin da suka ajiye a bakin ƙofa kafin su zauna, ban taɓa jin tsoron kai ba sai wannan da bai kai lemu ba.

Inno ta ce in ba zan iya ba a kira ɗan Zongo. Na yi bismillah na sa reza.

Ba ta yi kuka ba. Na fara daga goshi na bi a hankali, na zagaye maɗiga, na bar gaɗar nan sai ƙarshe don in ƙara kallonta. Gashin na zuba a farin ƙyalle kamar auduga baƙa. Ina gamawa ta yi hamma, ta yi mini fitsari a farar rigata, mai yawa, har ya zubo tabarma. Sharifa ta kifa kai a kafaɗar Inno tana dariya. Inno ta ce an biya wanzami. Ni kuwa takunkumina ya jiƙe, na ce zufa ce.

Hajiya ta karɓe ta, ta juya kan a rana ta duba ko ina, ba ko ƙwarzane. Ta ce, ba ni take kallo ba, mangwaron take kallo:

"Baban Rahamatu, Allah ya yi albarka. A ƙara masa nama yau."

Na ci a tsakar gida. Da ƙara.

Talata

Zan zauna har arba'in. Kullum bayan wanka ana ba ni ita. Kan ya fara tsiro, kaushi-kaushi kamar bayan kankana. Masu son aski su jira, ko su je Zongo.

Alhamis, 28 ga Janairu, da yamma

Madam Prisca ta kira. Sun samu ruwan gwajin ta wata hanya, an duba jinina. Sojojin suna nan. Sun ragu sosai a kan na Agusta, amma suna nan. Ta ce wataƙila Sharifa ma ta ba yarinyar wasu tun a ciki, tana kuma ƙara mata a nono. Na yi tsalle har kaina ya bugi ƙofar zaure.

Sannan na tambaye ta: waɗanda suka rage ɗin sun isa? Nawa ne isasshe? Zuwa damina fa? Na jaririyar fa? Sai ta bar Faransanci ta koma Sango. E hinga ape. Ba mu sani ba. Ta ce cutar sabuwa ce, sai watanni sun wuce ake sanin abin da watanni ke yi. Na yi mata godiya, kuma da gaske nake. Tun Disamba ita ce ta farko da ta ba ni amsa ɗaya.

Juma'a, bayan sallah

Abdulgani ya kira yana sauri. Tari ya kwantar da wani dattijo a bayan kasuwa, shi da wasu warkakku biyu suna kwana a wurinsa bi da bi. Daga can gida yake wucewa, ya ci tuwo kwano ɗaya da tsohuwarsa mai ciwon sukari. Na gaya masa abin da Madam ta ce, kalma da kalma. Ya ce ni mai aski ne, in da gaskiya ne da an faɗa a rediyo.

To ya yi gaskiya, ni mai aski ne. Rahamatu na barci a cinyata ina wannan rubutu da hannu ɗaya, ba ni da abin da zan nema a wurin kowa. Amma ku manyan ɗakin gwaji, ku da kuka ɗebi jininmu sau biyu muka ba ku ba musu, abin da kuka faɗa mini a waya ba nawa ba ne ni kaɗai. Ɗayanku ya zo ƙofar Masallacin Koudoukou ranar Juma'a, ko ya shiga rediyo, ya faɗa da Sango ya faɗa da Hausa, in bai iya ba ni zan fassara: wanda ya warke, har yaushe? In wata shida ne ku ce shida. In ba ku sani ba, ku ɗaga murya ku ce ba ku sani ba, yadda Abdulgani zai ji kafin ya sa hannu a kwanon uwarsa. Ku fito ku amsa a gaban mutane.